Magudanar Akwatin Ƙanƙara: Ƙaramar Kafa Mai Riƙe da Arzikin Masunci

Gabatarwa

Duk magidancin da ya taɓa zama a soron ƙasa ya san cewa kafin saukar damina akwai aikin da ba a ɗaga shi zuwa gobe, wato hawa bisa a duba indararo. Komai kaurin azara, komai kyan yaɓe, muddin ruwan sama ya rasa hanyar sauka, to zai kwanta a kan rufi, ya jiƙa ƙasa, daga ƙarshe ya sauko cikin ɗaki ta hanyar da ya zaɓa wa kansa. Haka abin yake ga akwatin ƙanƙara da masunta da fataken kifi suke ɗora wa kwale-kwale ko babur. Shi ma yana da nasa indararon, wato 'yar kafar nan ta ƙasa wadda ruwan narkakkiyar ƙanƙara yake fita ta cikinta. Ita ce magudanar akwati.

Ra'ayin da nake so in gabatar wa 'yan'uwa manoma, masunta da malaman gona shi ne: akwatin da ba shi da magudana mai aiki bai cancanci a saye shi ba, bai cancanci a raba shi a matsayin tallafi ba, bai kuma cancanci a koyar da shi a wurin taro ba. Haka nan al'adar toshe magudana da nufin tattalin ƙanƙara, tattali ne na ɓarna, wanda yake ceton kuɗi kaɗan ya jawo asarar mai yawa. Zan kawo dalilaina, in kawo hujjar masu ganin akasin haka, sannan in bayyana yadda ake kula da magudanar.

Kogi, zafi da kasuwa

Kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga a wajen da ya fito, yana tasowa ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Jama'are da Itas/Gadau da Zaki, ya wuce ta Katagum, har ya haɗu da kogin Haɗeja a kusa da Gashuwa, inda suke zama kogin Komadugu Yobe. Kogin Haɗeja yana da manyan madatsai a kan rassansa, wato Tiga da aka kammala a 1974 da Chalawa a 1992. Shi kuwa kogin Jama'are ba shi da babbar madatsa mai riƙe ruwansa, domin ta Kafin Zaki da aka daɗe ana maganarta ba a kammala ta ba. Saboda haka har yanzu yana cika ya malala cikin fadamu a watannin Agusta da Satumba, ya janye da shigowar kaka, ya bar tafkuna da gulabe cike da kifi.

Ma'anar wannan ga masunci a Itas ita ce kifi ba ya zuwa daidai wa daida a tsawon shekara. Akwai lokacin da koma da birgi da taru suke fitowa da ƙarfasa da ragon ruwa da tsage da ƙurungu fiye da yadda kasuwar ƙauye za ta iya saye a yini guda. Dole a nemi Azare, ko Jama'are, ko Haɗeja, ko ma Kano. Ga shi kuma a wannan yanki zafin rana yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyos, har ya wuce, a watannin Maris zuwa Mayu. Masana adana kifi sun nuna cewa a ƙasashe masu zafi irin tamu, kifin da aka bari haka nan yakan lalace cikin awa 6 zuwa 12 bayan ya mutu. Wanda ya mutu cikin raga tun tsakar dare kuwa ya riga ya cinye rabin wa'adinsa kafin a fito da shi da asuba.

Tarwaɗa ba ta cikin wannan damuwa sosai, tunda ana iya kai ta kasuwa da ranta cikin ɗan ruwa. Amma ƙarfasa da sauran kifaye masu saurin mutuwa, ƙanƙara ce gatansu. Idan aka yi aikin yadda ya kamata, ƙarfasa tana iya yin mako biyu cikin ƙanƙara tana nan da kyanta. Wannan ne ya sa ake ganin kula ta roba, da akwatin katako mai rufin kwano, da matacciyar firiza da aka mayar ma'ajiya, suna ƙara yawa a bakin ruwa da kasuwanni. Abin farin ciki ne. Sai dai sau da yawa an ɗauki akwati an bar ilminsa.

Lissafin ruwan narkewa

Ƙanƙara tana sanyaya kifi ne ta hanyar narkewa. Kowane kilo ɗaya na ƙanƙara, kafin ya gama narkewa, yana zuƙe zafin da ya isa ya ɗaga lita ɗaya ta ruwa daga digiri 0 zuwa digiri 80. Shi ya sa narkewar ƙanƙara a jikin kifi ba asara ba ce, aikin da aka saye ta dominsa ke nan. Kuma kowane kilo ɗaya da ya narke yana zama lita ɗaya ta ruwa, ba ragi ba ƙari.

Mu ɗauki misalin masuncin da ya zuba kilo 20 na kifi da kilo 20 na ƙanƙara, wato ma'aunin ɗaya da ɗaya da ake ba da shawara a ƙasashe masu zafi. Bisa lissafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sauko da zafin kilo 10 na kifi daga digiri 30 zuwa digiri 0 yana cin kimanin kilo 3 da rabi na ƙanƙara. Ke nan kilo 20 na kifi zai narkar da kilo 7 tun a sa'o'in farko, kafin a zo ga wadda zafin rana da buɗe murfi za su narkar. Lita 7 ke nan ta ruwa. Idan ƙasan akwatin yana da tsawon santimita 60 da faɗin santimita 40, wannan ruwa zai kai zurfin kusan santimita 3 ko da akwatin wayam yake. To amma ba wayam yake ba, kifi da ƙanƙara sun cika wurin, don haka ruwan zai bi tsakankaninsu ya hau fiye da haka nesa ba kusa ba. Kafin ƙanƙarar ta ƙare duka, jarka guda mai lita 20 ce za ta taru.

Wane irin ruwa ne wannan? Lokacin da ƙanƙara take narkewa daga sama, ruwanta yana gangarowa a jikin kifi, yana wanke yauƙi da jini da laka da ƙazantar ciki, tare da ɗimbin ƙwayoyin cuta masu ruɓar da kifi. Wannan wanki yana daga cikin manyan amfanin ƙanƙara. Amma wanki ba ya zama wanki sai dauɗa ta fita. Macen da ta wanke shinkafa ba ta barin ta cikin ruwan wankin ta ce ta gama. Idan magudana a toshe take, duk dauɗar kifin sama ta tarar wa kifin ƙasa, ya kwana cikinta.

Sakamakon a bayyane yake ga duk mai sayen kifi a kasuwar Azare. Kifin da ya jiƙa cikin ruwan narkewa fatarsa takan koɗe, idonsa ya yi hazo, jan naman nan da yake numfashi da shi a gefen kansa ya koma fari-fari ko ruwan ƙasa, tsokarsa ta yi laushi har yatsa ya bar gurbi, ga kuma ɗan tsami a hanci. Ruwa ba ya tsami banza. Mai suyar kifi da ta san sana'arta ba ta tsayawa kan kifin sama, hannu take zurawa ta ciro na ƙasa, kuma da shi take yanke wa akwatin duka farashi. Wanda ya fi wannan muni shi ne kifin da bai nuna alama sosai ba, aka saya aka kai gida, aka yi masa gajeriyar dahuwa, ya tayar wa iyali da ciki.

Hujjar masu toshe magudana

Masu toshe magudana ba wawaye ba ne, kuma bai kamata malamin gona ya yi musu kallon haka ba. Suna cewa ƙanƙara da kuɗi ake sayenta, sau da yawa daga Azare ake ɗauko ta, farashinta yana tashi da bazara da kuma watan azumi, ya kuma ƙara tashi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tunda yawancin masu yin ta sun dogara da janareto. Ruwan da ke fita ta magudana kuwa mai sanyi ne ƙarara. Don me za a zubar da sanyin da aka saya? Suna kuma kafa hujja da masu sayar da lemo da ruwan leda, waɗanda suke barin kayansu cikin ruwan ƙanƙara yini guda ba abin da ya same su.

Akwai gaskiya a cikin maganar, sai dai gaskiya ce ta mai lemo. Kwalba a rufe take, ba ta da jini, ba ta da yauƙi, ruwa ba ya shiga cikinta. Kifi kuwa nama ne a buɗe. Ga amsa uku ga wannan hujja.

Ta farko, sanyin da ake zubarwa bai taka kara ya karya ba. Lita ɗaya ta ruwan narkewa, kafin ta ɗumama daga digiri 0 zuwa digiri 5, zafin da za ta zuƙe kashi ɗaya ne cikin 16 na wanda kilo ɗaya na ƙanƙara yake zuƙa wajen narkewa. Ƙarfin yana cikin daskararriyar ƙanƙara, wadda ta narke ta riga ta sauke nauyinta.

Ta biyu, ruwa yana ɗaukar zafi daga wuri zuwa wuri fiye da iska ninki ashirin da wani abu. Ruwan da ya kwanta a ƙasan akwati ya zama gada tsakanin bango mai ɗumi da ƙanƙara. Idan kuma akwatin yana cikin kwale-kwale ko a bayan babur, ruwan yana ta kai da komo yana lasar ƙanƙarar, yana buga kifi da juna.

Ta uku ita ce wadda mutane da yawa ba su lura da ita ba. Ƙanƙara tana tasowa saman ruwa, mataccen kifi kuma yana kwanciya ƙasa. Ruwan daɗi yana kai matuƙar nauyinsa ne a digiri 4, don haka ruwan da ya ɗan ɗumama shi ne yake sauka ƙasa inda kifi yake, mai tsananin sanyi ya tsaya sama tare da ƙanƙara. Mai akwati ya buɗe murfi, ya ga ƙanƙara tana yawo, hankalinsa ya kwanta, alhali kifinsa ya rabu da ita tuntuni. Binciken da aka yi a kan kifin teku ya nuna cewa a digiri 5 kifi yana lalacewa da sauri fiye da ninki biyu na yadda yake yi a digiri 0, a digiri 10 kuwa ninki huɗu.

Akwai wata hanya da manyan masunta a wasu ƙasashe suke bi, ta tsoma sabon kamu cikin ruwa mai tsabta da aka cika da niƙaƙƙiyar ƙanƙara don ya yi sanyi nan take. Hanya ce mai kyau, amma da sharuɗɗanta: ƙanƙara mai yawan gaske, juyawa a kai a kai, da fitar da kifin bayan ɗan lokaci a shirya shi cikin ƙanƙara a akwati mai magudana. Ba ta zama hujjar barin kifi ya kwana cikin ruwan jininsa ba. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, haka nan barin ruwa a akwati ba ya maganin tsadar ƙanƙara.

Darasi daga matuƙa jiragen ruwa masu tafiya da iska

Wannan ilmi ba sabo ba ne. A 1833 wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Frederic Tudor ya loda tan 180 na ƙanƙara a jirgin ruwa mai tafiya da iska daga birnin Boston, aka lulluɓe ta, aka yi tafiyar wata huɗu ana keta wuraren zafi, aka isa Kalkata ta ƙasar Indiya da kimanin tan 100. Rumbunan ƙanƙara da attajiran Ingila suke ginawa a ƙarƙashin ƙasa tun kafin zuwan firiza, magudana ake yi musu a gindi, domin magina sun san ƙanƙarar da ta zauna cikin ruwanta ba ta daɗewa.

Har yau masu ƙananan jiragen iska da suke yin kwanaki a teku da akwatin ƙanƙara suna kiyaye ƙa'idoji biyu, kuma dukansu sun shafi mai kwale-kwale a kogin Jama'are.

Ƙa'ida ta farko ita ce ba a barin kafar magudana a hangame. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, saboda haka tana zurara ta kafar ƙasa kamar yadda ruwa yake yi, mai zafi kuma ta shigo ta bakin murfi ta maye gurbinta. A nan ne masu toshewa suke da gaskiya, kafa a buɗe haka kawai tana cin ƙanƙara, ga ƙuda da tururuwa da kyankyaso. Maganin shi ne a sa wa kafar tiyo, a lanƙwasa shi ya sauka ƙasa, ya ɗan hau, sannan ya sake sauka, kamar wuyan raƙumi. Ɗan ruwan da yake tsayawa a lanƙwasar shi ne ƙofa: ruwa yana wucewa, iska da ƙwari ba sa wucewa. Abin kiyayewa kawai shi ne kada tudun lanƙwasar ya fi ƙasan akwatin tsawo, in ba haka ba ruwa zai tsaya a ciki.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ba a sakin ruwan akwati a ƙasan jirgi. Ruwa ne mai jini da yauƙi, idan ya kwanta a lungunan katako sai wari ya kama jirgin duka, katako ya riƙa zama a jiƙe da dauɗa, kifin gobe da za a jefa a wurin ya kwashi ƙwayoyin cutar jiya. Su matuƙan suna tara shi a wani mazubi na daban su zubar. Mai kwale-kwale jarka ta ishe shi.

Siffar magudana ta gari

Kafar ta kasance a can ƙasa, daidai da daɓen akwati, a kusurwa guda, ba ta ɗaga sama ba. Kafar da aka huda da tazarar yatsa biyu daga daɓe tana barin ruwa mai zurfin yatsa biyu har abada. Faɗinta kada ya gaza rabin inci, in ya kai kashi uku cikin huɗu na inci ya fi, domin ƙaramar kafa ɓawon kifi biyu ko uku sun isa su rufe ta.

A sa 'yar raga ta roba ko ta ƙarfe marar tsatsa a bakinta ta ciki, wadda za a iya cirewa a wanke. A kuma yi wa ƙasan akwatin ɗan gado na siraran katako ko na roba, mai tsawon santimita 3 zuwa 5 daga daɓe, wanda shi ma ake iya ɗagawa. Wannan gado shi ne yake raba kifi da ruwa, ya kuma hana nauyin kifi danne kafar.

Inda bututu ya ratsa bangon akwati a liƙe shi sosai ciki da waje. Yawancin akwatuna suna da abin tare zafi a tsakanin bangonsu biyu, ko farin soson nan da yake zuwa cikin kwalin rediyo da talabijin, ko garin katako, ko ɓuntun shinkafa. Dukansu busasshiyar iskar da ke cikinsu ce take tare zafi. Da zarar ruwa ya tsiyaya ta gefen bututu ya jiƙa su, amfaninsu ya tafi, wari kuma ya samu maɓoya. Alamar haka ita ce akwati ya fi yadda aka saye shi nauyi, ko gindinsa ya riƙa gumi ta waje.

Masu amfani da matacciyar firiza su duba, galibinsu suna da kafa a ƙasa tun daga masana'anta. A buɗe ta, a sa mata tiyo, a ɗora firizar kan bulo ko katako tare da ɗan karkata ta wajen kafar. Wadda tsatsa ta cinye daɓenta a yi sallama da ita.

Kula da ita kafin tafiya, cikin tafiya da bayan tafiya

Kafin a zuba komai, a kwarara lita ɗaya ta ruwa mai tsabta cikin akwati a tsaya a gani. Idan ta fita da gudu, madalla. Idan ɗigo take yi, a gyara tun a tudu, don ba a gyaran magudana a tsakiyar kogi da kifi a bisanta. Ƙanƙarar kuma a tabbatar da ruwa mai tsabta aka yi ta. A ɗauraye garin katako ko ɓuntun da aka lulluɓe ta da shi, a cire ledarta gaba ɗaya, domin guntun leda da garin katako da ɓawon kifi su ne manyan masu toshe magudana. A farfasa ta ƙanana, kada su wuce girman goro.

A shimfiɗa ƙanƙara mai kaurin santimita 5 a kan gadon, a jera kifi, a rufe da ƙanƙara, a sake jera kifi, a ƙare da ƙanƙara a sama. Kifin da aka feɗe a wanke shi da ruwa mai tsabta, a kifa cikinsa ya dubi ƙasa don kada ruwa ya taru a ramin cikin.

A cikin kwale-kwale a ajiye akwatin a tsakiya, bisa katako biyu, a ɗaure shi, a sa masa inuwa da tabarma ko jiƙaƙƙen buhu. Tiyon ya shiga jarkar da take ƙasa da akwatin. Kada a saki bakinsa cikin kogi, domin idan jirgi ya karkata ruwan kogi yana iya komowa ciki. Akwai kuma batun tsaron rai: lita 15 ko 20 ta ruwa mai kai da komo a cikin akwati tana iya rinjayar ƙaramin jirgi lokacin da igiyar ruwa ta taso. Wanda akwatinsa matoshi kawai gare shi, ba tiyo, ya riƙa buɗewa duk bayan awa biyu ko uku yana tsiyayewa, musamman a sa'o'in farko da narkewa ta fi yawa. Idan an daɗe jarka ba ta ƙaru ba, kada a yi murna, a duba, mai yiwuwa kafar ce ta toshe. Ruwan jarkar a zubar da shi nesa da mashaya da wurin da mata suke ɗiban ruwa.

Bayan an sayar da kifi, a ranar za a yi wanki, ba washegari ba. A fitar da gado da raga, a wanke da sabulu da buroshi, a cire tiyo a zura masa waya mai laushi da ɗan tsumma a bakinta. Sannan a zuba cokalin cin abinci ɗaya na ruwan bilicin wanki, irin su Hypo ko Jik, cikin lita 3 zuwa 4 ta ruwa, a shafe akwatin, a bar wani ya bi ta magudana, a jira minti 10, a ɗauraye sosai. Kada a gauraya bilicin da wani sinadari, kada kuma a yi amfani da kananzir ko maganin wanke masai mai ƙarfin wari, domin kifi yana ɗaukar wari. A bar murfi a buɗe a inuwa har akwatin ya bushe. Tiyo garai-garai da ake ganin cikinsa ya fi, kuma duk ranar da cikinsa ya yi baƙi ya ƙi fita a sauya shi. Kuɗinsa bai kai na ƙarfasa biyu ba.

Ina matsayin banda?

Wani zai ce iyaye da kakanni da banda suka riƙe wannan sana'a, kuma har gobe bandar kifi ce take cika kasuwar Haɗeja. Haka ne, kuma ba wanda ya ce a bar ta. Amma hayaƙi ba ya mayar da ruɓaɓɓen kifi sabo, yana ɓoye aibinsa ne na ɗan lokaci, daga baya ya marmashe a kwando. Ƙanƙara da banda abokan aiki ne: ita take riƙe kifi da kyansa har ya isa wurin banda, ita kuma take ba masunci damar cewa a'a idan an taya masa kifi da arahar wulaƙanci. Wannan dama tana tsaye ne a kan magudana. Wanda kifinsa ya kwana cikin ruwa, duk abin da aka taya dole ya sallama.

Kira ga malaman gona da hukumomi

Malaman gona na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Bauchi, musamman na shiyyar arewa da ke Azare, su ne suka fi kusa da waɗannan mutane, tunda da yawa daga masuntan Itas manoman fadama ne da suke komawa su idan sun sauke aikin gona. Shawarata ita ce duk lokacin da malami ya je bakin ruwa, ya nemi izini ya duba ƙasan akwati kafin ya fara jawabi. Gwaji kuma ya fi dogon bayani. A samo akwati biyu iri ɗaya, kifi iri ɗaya, ƙanƙara daidai, ɗaya a toshe, ɗaya da tiyo mai lanƙwasa. A yi haka a gaban sarkin ruwa da jama'arsa, a buɗe washegari, a kira mata masu suyar kifi su taya na ƙasan kowane akwati. Hukuncinsu ya fi na kowa shiga kunne.

Hukumomi da ƙungiyoyi da 'yan siyasa masu raba akwatuna a matsayin tallafi su sa magudana, raga, gado da tiyo cikin sharuɗɗan sayen kaya, su kuma haɗa rabon da horo ko na yini guda ne. Kafintoci da maƙeran kwano na Azare da Jama'are da suke haɗa akwatuna su ma a kira su taron, domin daga hannunsu kuskuren yake farawa, a hannunsu kuma gyaran ya fi sauƙi. Cibiyoyin bincike na tarayya, irin su ta binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa da ta binciken adana amfanin gona da ke Ilori mai reshe a Kano, suna da masana a wannan fanni, kuma haƙƙin malamin gona ne ya nemi saninsu ya kawo shi bakin kogi da harshen da masunci yake ji.

Kammalawa

Masunci yana kwana cikin sanyi da sauro, ya biya kuɗin raga, ya biya na ƙanƙara, ya biya na mota. Bai dace duk wannan wahala ta tafi a banza saboda kafar da ba ta wuce faɗin yatsa ba. A buɗe magudana, a lanƙwasa mata tiyo, a tara ruwanta a jarka, a wanke ta duk ranar da aka yi aiki da ita. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona ko jami'in kula da harkar kifi mafi kusa da shi. Allah ya sa albarka a sana'a, ya tsare mu a ruwa da tudu.